Kafin ka tura kuɗin ƙaramin injin CNC: kurakuran da na gaji da gani

Kusan kowane sati sai wani ya turo min hoton injin CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, a waya, tambayar kuma ba ta canzawa: "Malam, wannan zai yanka ƙarfe?" Sau tara cikin goma hoton 3018 ne, ɗan injin nan da za ka iya ɗauka da hannu ɗaya. Bakina ya gaji da maimaita amsa, shi ya sa na ce bari in rubuta, duk wanda ya sake tambaya in tura masa.

Kuskuren farko, wanda ni ma ya cinye min jari, shi ne sayen inji don faɗin teburinsa. Lambar da ke jikin sunan faɗin wurin aiki kawai take nunawa: 3018 na nufin santimita 30 da 18, 6040 kuma santimita 60 da 40. Ba ta gaya maka komai game da ƙarfin jikin injin ba. Lokacin da na fara, burina in riƙa yanka ƙananan sassa daga farantin baƙin ƙarfe, sai na ga 6040 mai jikin alminiyam, na ce ai wannan ya fi faɗi a kuɗin, na tura. Ranar da na ɗaura masa faranti mai kaurin milimita 8, ƙarar da ya yi sai da maƙwabcina ya leƙo ta katanga yana tambaya ko lafiya. Kan injin, wato ɓangaren da ke juya bakin yanka, yana kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Kafin la'asar na karya bakin yanka guda uku, ramin da ya kamata ya fito zagayayye kuma ya fito kamar ƙwai. Na zargi bakin yankan, na zargi manhaja, har kwamfutar na zarga. Sai da wani dattijo da ya tsufa a aikin inji ya zo, ya kafa agogon awo, mai allurar da ke nuna ɗan motsi komai ƙanƙantarsa, a jikin kan, ya tura da babban yatsansa kawai, allurar ta yi tsalle. Ya dube ni ya ce, "Yaro, abin da yatsa ke lanƙwasawa shi kake so ya ci ƙarfe?"

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne injinan nan gida biyu ne. Akwai masu gada da ke yawo a kan tebur mai faɗi, an yi su ne don katako, roba, allon lantarki, da alminiyam idan za ka bi shi a hankali. Akwai kuma masu ginshiƙi na zubin ƙarfe, teburinsu ƙarami amma jikinsu nauyi, irin Sieg X2 na ƙasar Sin da mutane ke sa wa motoci su mai da shi CNC, ko Tormach PCNC 440 na Amurka da nauyinsa ya kai wajen kilo 200. Nauyin nan shi ke shanye girgiza. Sannan ga maganar gudu. Kan da ke juyawa sau 24,000 a minti yana burge mutum a talla, amma bakin yanka na HSS (ƙarfen da ake ƙera bakuna na yau da kullum da shi) mai milimita 6 a cikin ƙarfe mai laushi juyi wajen 1,600 yake so. Idan ka sauko da mai 24,000 zuwa nan, ƙarfinsa ya tafi, sai ya riƙa shafa ƙarfen yana zafi har bakin ya ƙone. Yanzu ni al'adata, kafin in kalli farashi ko hoto, nauyin injin nake fara nema. Idan mai sayarwa bai rubuta ba, ko ya fara kame-kame da na tambaya, na wuce. Wasu za su ce maka sun yanka ƙarfe da ƙaramin inji, har da bidiyo. Eh, ana iya kankare shi kaɗan-kaɗan kwana guda. Da allura ma ana iya haƙa rijiya.

Na biyu kuwa har yau idan na tuna raina ɓaci yake, domin laifina ne tsantsa. Na sayi inji ban yi wa wuta lissafi ba. Ina cikin sassaƙa wani hatimi na tagulla, aikin wajen awa huɗu, saura kaɗan a gama, aka ɗauke wuta. Motocin da ke tura ƙananan injinan nan ba su san inda suke ba, taku kawai ake ƙirga musu. Da wuta ta ɗauke, lissafi ya ɓace. Ni kuma don rowar 'yan kuɗi kaɗan ban sa ƙananan makunnan nan na ƙarshen layi da inji ke komawa ya taɓa don ya gane gidansa ba. Na yi ta ƙoƙarin daidaita shi da ido, na ɓata tagullar gaba ɗaya. Bai ishe ni darasi ba. Bayan sati biyu aka maido da wuta da ƙarfi alhali na bar komai a kunne, akwatin VFD da ke sarrafa gudun kan ya yi wari, shi ke nan. Sai da injin ya yi wata biyu lulluɓe da zani kafin sabon akwatin ya iso.

To ku da kuke tura kuɗi yau, me ya sa ba kwa tambayar kanku da wace wuta za ku kunna shi? Kan da ke cin kilowat 2.2 ba zai tashi da ɗan janareta irin na shagon aski ba. Kuma ku duba takarda: kayan da aka yi don kasuwar Amurka da yawansu na wuta 110 zuwa 120 ne, tamu kuwa 230 ce. Ni dai yanzu kwamfuta da allon sarrafawa suna kan inbata, gaban komai akwai sitabilaiza, kuma da an ɗauke wuta hannuna na kan makunni kafin in ce uffan. Idan allon sarrafawarka mai manhajar GRBL ne, sa makunnan, ka kunna $22=1 don inji ya iya neman gidansa, ka saba da buga $H, umarnin komawa gida, duk lokacin da ka tada inji. Allon yana ajiye wurin da ka sa sifirin aiki, wato inda lissafin yanka ke farawa, a ƙwaƙwalwarsa, don haka bayan ɗaukewar wuta za ka iya komawa daidai inda kake.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kada ka zuba duk kuɗinka a inji ka bar kanka ba bais na matse abin da za a yanka, ba bakunan yanka, ba agogon awo. Ni nakan ware kusan rabin kuɗin injin don waɗannan, ban da dako da kwastam. Duba mariƙin baki: ER11 ba ya wuce milimita 7, ER20 yana kaiwa 13. Tambayi irin sandar zaren da ke jan tebur, domin T8 na yau da kullum yana yin sako-sako da wuri, mai ƙwallaye irin SFU1605 ya fi shi nesa ba kusa ba. Alminiyam da baki mai haƙori huɗu a kan mai gudu liƙewa zai yi, nemi mai haƙori ɗaya. Idan an ce maka akwatin sarrafawar na tsohuwar hanyar manhajar Mach3 ne mai faffaɗan soket na firinta, tabbatar kana da kwamfutar da ke da wannan ramin, don sababbi ba su zuwa da shi.

Akwai kuma masu sayen inji ba su taɓa zana ko murabba'i a kwamfuta ba. Manhajar zane ta FreeCAD kyauta ce. Zauna da ita wata guda, ka zana abin da kake mafarkin yankawa, ka fitar da hanyar da baki zai bi. Idan ka kasa haƙurin wannan, injin zai zama teburin ajiye kwanuka.

Ƙurar hunturu ma na gaji da magana a kanta. Tana haɗuwa da giris a kan layukan da injin ke tafiya a kai ta zama kamar yashin goge tukunya. Nawa injin yana cikin akwatin katako da na haɗa masa, da ƙofar roba mai gani, kuma duk ranar Asabar da safe sai na share layukan da tsumma na sa sabon mai kafin in sha shayi.