Marinar Mayorka ba ta rini ba ce: shawara ga mai neman abinci a bakin ruwa

Ranar da aka fara ce mini wani ɗan'uwanmu yana aiki a marina a tsibirin Mayorka, ramukan baba na Ƙofar Mata ne suka faɗo mini a rai. A nan kuwa marina ita ce tashar da ake ɗaure jiragen ruwa na shaƙatawa, tun daga ƙanana masu filafilai har zuwa manya na attajirai, waɗanda ma'aikata ke kira yot. Abu ɗaya dai ya haɗa su da marinarmu ta gida: wanda ya yi wuni yana goge ƙasan jirgi, da shuɗin hannu yake komawa gida.

Ƙanena da ka sauka kwanan nan, na san abin da idonka ya fara gani. Ka bi titin bakin teku na Palma, babban birnin tsibirin, titin da kowa ke kira Paseo Marítimo, ka ga fararen jirage jere kamar ba za su ƙare ba, ka ga samari cikin fararen riguna suna wanke su, ka ji an ce albashinsu ya ninka na mai aikin otel. Gaskiya ne akwai kuɗi a wurin. Amma ƙofar da yawancinmu muka shiga ta cikinta ba ta kan jirgin ba ce. Ta filin gyara ce, a kan tudu, a lokacin sanyi, kuma ina son ka fahimci dalili tun kafin ka ɓata wata shida kana zagaye.

Mayorka ita ce babba a tsibiran Baleyar na ƙasar Sifaniya, a cikin Bahar Rum. Tashoshin jiragen shaƙatawa sun kewaye ta. A cikin Palma akwai Real Club Náutico, wanda aka kafa a 1948, inda ake gasar tseren jirage ta Copa del Rey tun 1982, har sarkin ƙasar kan shiga. Akwai Club de Mar a ɗaya gefen. In ka yi yamma za ka tarar da Puerto Portals da Port Adriano, gaba kuma Port d'Andratx. Arewa akwai Alcúdia da Pollença, gabas akwai Cala d'Or. Duk waɗannan wuraren ɗaure jirgi ne. Wurin gyara kuwa, wato varadero, manyansa biyu suna cikin tashar Palma: STP, wanda ke da injin da ke cira jirgi mai nauyin tan 1,000 daga ruwa ya ajiye shi a ƙasa, da Astilleros de Mallorca, wanda ke aiki tun 1942. A STP ba kamfani ɗaya ke yin komai ba. Ɗaruruwan ƙananan kamfanoni ne ke shiga su yi aiki a kan jiragen, kuma su ne masu ɗaukar irinmu.

Shekarar nan tana da damina da rani irin nata. Daga Mayu zuwa Oktoba jirage suna kan ruwa da baƙi, filin gyara ya yi sauƙi, otel-otel da gidajen abinci su cika. Da Oktoba ta kama sai abin ya juya. Wasu jiragen su tsallaka Atlantika zuwa Karebiyan a Nuwamba da Disamba, sauran a fito da su tudu, a kafa musu ƙarafa a lulluɓe su da farar leda kamar rumfa, a shiga kankara da fenti da walda har zuwa Afrilu. Daga Fabrairu zuwa Afrilu aikin kan yi zafi sosai, domin kowane kyaftin yana son jirginsa ya koma ruwa kafin bikin baje kolin jirage da ake yi a Moll Vell, cikin tashar Palma, wajen ƙarshen Afrilu. Wanda ya san wannan yana iya haɗa aiki biyu a shekara: filin gyara da sanyi, otel ko tasha da zafi. Akwai kwantiragin da ake kira fijo discontinuo, wanda ke ba ka haƙƙin a sake kiranka duk lokacin da kakar aikin ta dawo. In an ba ka shi, ka riƙe.

Yanzu maganar takardu, wadda ita ce uwar komai. Abu na farko da za ka yi, tun kafin neman aiki, shi ne rajistar zama a ofishin ƙaramar hukuma, wato padrón. Ko ba ka da izinin zama kana da damar yin ta da fasfo da shaidar inda kake kwana. Da ita za ka nemi katin asibiti, da ita za ka nemi katin bas, kuma ita ce shaidar ranar da ka fara zama a ƙasar. Wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba kuma ba shi da izinin zama na dindindin, dole ya sabunta ta duk shekara 2, in ba haka ba a share sunansa. Tun 20 ga Mayu 2025 dokar baƙi ta rage lokacin da ake buƙata kafin neman izinin zaman da ake kira arraigo daga shekara 3 zuwa 2, sai dai kwanakin da mutum ya yi yana jiran amsar neman mafaka ba sa shiga lissafi. Ka sami lauya ko ƙungiyar agaji irin su Cruz Roja da Cáritas su duba naka yanayin, kada ka dogara da hirar majalisa.

Za a zo maka da tayin yin aiki da takardun wani. Ina roƙonka ka ƙi. Laifi ne a doka, kuma ranar da ka faɗo daga kan ƙarfe, sunan da ke rajista ba naka ba ne. Ko da takardunka na kanka ma sai ka sa ido. Shekarata ta farko na yi mako uku ina kankara wa wani ɗan kwangila, kullum yana ce mini ya sa ni a rajistar inshorar ma'aikata. Sai da injin ya yanke ni a hannu na je asibiti na gane bai yi ba. Daga ranar na koyi neman takardar da ake kira vida laboral, wadda ke nuna ko an yi maka alta, wato an shigar da kai a Seguridad Social, hukumar inshorar ma'aikata. Kyauta ce, ta waya ma ana samu. Ka kuma adana takardar albashinka ta kowane wata, nómina. Mafi ƙarancin albashi a 2025 Yuro 1,184 ne a wata, ana biya sau 14 a shekara, kuma yarjejeniyar ma'aikatan ƙarfe ta fi haka. In an danne maka haƙƙi, ƙungiyoyin ƙwadago na CCOO da UGT suna da ofisoshi a Palma.

Wace sana'a ka zo da ita? Wannan ce tambayar da nake fara yi wa kowa. Mai fentin mota da ya iya riƙe bindigar feshi yana da gaba a nan fiye da mai digiri, domin fentin yot sai ya zama kamar madubi, kuma waɗanda suka iya kaɗan ne. Mai walda ya koyi ta argon a kan ƙarfen da ba ya tsatsa. Kafinta ya koyi aikin katakon tik da ake shimfiɗa wa benen jirgi. Mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, da mai waya, da makanikin injin dizal, duk ana nemansu. Tela ma kada ya raina kansa, akwai shagunan ɗinka filafilai da rumfuna da kujeru. 'Yan'uwa mata kuwa sukan sami shiga ta kamfanonin share cikin jirgi da gidajen wanki da guga. Wanda bai zo da komai ba zai fara daga ƙasa: kankara, manna leda, wanki, ɗaukar kaya. Ba abin kunya ba ne, da yawa daga can suka taso. Ka yi rajista da SOIB, hukumar samar da aiki ta tsibiran, domin tana da kwasa-kwasai kyauta, ka kuma yi kwas ɗin kariya daga haɗarin aiki da ake kira PRL, wanda ba a barin mutum ya shiga filin gyara ba tare da shi ba.

A nan zan daɗe kaɗan, domin abin yana ci mini rai. Fentin da ake shafa wa ƙasan jirgi an yi shi ne musamman don ya kashe duk wani abu mai rai da zai manne masa. Akwai tagulla da guba a ciki. In kana kankare shi, ƙurar nan ita kake shaƙa. Fentin sama kuma, mai haɗi biyu, yana da sinadarin da ke iya sa wa mutum asma ta har abada. Na ga samari ƙarfafa suna cire takunkumi saboda zafi a ƙarƙashin leda, suna ɗaura ƙyalle a hanci kamar masu shara a harmatan. Ƙyalle ba ya tare komai. Doka ta ɗora wa mai aikin ya ba ka takunkumi mai matata, da tabarau, da safar hannu, da rigar leda, da ɗamarar hana faɗuwa, kyauta. Ka nema, ka canza matatar a kan lokaci. Mai gemu ya sani cewa takunkumin roba ba ya kama fuska da kyau a kan gashi, don haka ya nemi irin wanda ke rufe kai duka yana hura iska. Kada ka ci abinci da hannun da ba ka wanke ba, kada kuma ka kai kayan aikin gida inda yara suke. Lambar gaggawa 112 ce.

To, in ranka ya nace sai kan jirgi fa? Hanya tana nan, amma da sharuɗɗa. Sai ka yi horon kariya na STCW, kwana biyar ne, ana koyar da kashe gobara da agajin farko da tsira a teku, kuma da kuɗinka. Sai takardar lafiyar ma'aikacin ruwa, wadda aka fi sani da ENG1, mai aiki shekara 2. Sai Turanci, domin shi ne harshen cikin jirgi, ko da yake a filin gyara da ofisoshi Sifaniyanci za ka fi buƙata, 'yan tsibirin kuma suna da nasu harshen, Katalanci. Masu neman aikin wuni sukan bi tashoshi da sassafe suna tambayar jirgi-jirgi. Mai fasfon Turai yana yin haka hankali kwance, kai kuwa in ba ka da izinin aiki, kana saka kanka a hannun 'yan sanda ne. In an ɗauke ka, ka karanta kwantiragin ka ga tutar ƙasar da jirgin ke ɗauke da ita, domin da yawa na Malta ne ko tsibiran Kayman ko Marshal, kuma dokar tutar ce ke aiki a kanka.

Ka kuma auna da addininka. Ma'aikacin cikin jirgi yana zuba wa baƙi giya, na waje ba kasafai ba. Wata uku kana iya yi ba ka ga Juma'a ba. Ɗakin kwana na mutum biyu ne, da ƙyar za ka shimfiɗa darduma. Aikin marinero, wato mai karɓar igiya da taimaka wa jirgi ya ɗaure a tasha, ya fi dacewa da mai iyali: kana bakin ruwa, amma a gidanka kake kwana. Ladubban wurin ba su da wuya ga Bahaushe. Ba a taka tsanin jirgi sai an ba ka izini, ana cire takalmi kafin a hau, ba a ɗaukar hoton baƙi, ba a kuma faɗin sunan mai jirgi a waje.

Wurin kwana shi ne babbar wahalar tsibirin. Haya a Palma tana cikin mafi tsada a Sifaniya, ɗaki ɗaya yana iya cinye kusan rabin albashin sabon ma'aikaci. 'Yan Afirka ta Yamma da yawa suna unguwannin Son Gotleu da Pere Garau, inda za ka sami masallatai da mahautan halal da shagunan da ke sayar da gari da manja. Wasu sun koma Inca ko Sa Pobla ko Manacor, suna shigowa da jirgin ƙasa zuwa Plaça d'Espanya da ke tsakiyar Palma. Kafin ka biya kuɗin ajiya, ka tambaya ko za a bar ka ka yi padrón a gidan. Ɗakin da ba a yarda da haka ba, arhar banza ce. Ka kiyaye abu biyu a abinci: ensaïmada, burodin nan mai naɗi da ake raba wa ma'aikata da safe, da kitsen alade ake yin ta, haka ma sobrassada naman alade ce. Azumi a 'yan shekarun nan yana faɗowa ne a lokacin da gyara ya fi zafi, don haka ka gaya wa shugaban aikinka tun da wuri, ka nemi a ba ka feshi ko hawa sama da safe. In ka sami hutu, ka je ka ga fadar Almudaina da tsohon gidan wanka na Banys Àrabs. Garin Palma sunansa Madina Mayurƙa lokacin da Musulmi suka mulke shi, daga 902 har zuwa 1229.

Saura abu ɗaya da muke jin nauyin faɗa. In ban da 'yan Yawuri da Argungu da bakin tafkin Chadi, yawancinmu ba mu iya iyo ba. Ruwan tasha yana da zurfi tun daga gefe, ba gangare, bangon kuma yana da santsi, da sanyin hunturu kuwa hannu kan mutu in an daɗe a ruwa. A horon STCW ma sai ka yi tsalle cikin ruwa ka hau kwalekwalen ceto. Ƙaramar hukumar Palma tana da wuraren iyo, irin su Son Hugo, inda ake koyar da manya da kuɗi kaɗan. Ka je ka rubuta sunanka a watan Satumba, kafin a fara fito da jirage tudu.