Yadda Ake Gano Curin Taurari Daga Legas

Kowa ya san Kaza da 'Ya'yanta, taurarin nan da ke warwatse, ana iya ƙirga su. Curin taurari daban yake: dubban ɗaruruwan tsofaffin taurari ne dunƙule kamar curin fura, wasu sun kai shekara biliyan 12. Sama da 150 aka sani a babban gungun taurarin da ranarmu ke ciki, kuma mafi girmansu, Omega Sentauri, ya fi kyan gani daga Legas a kan Turai.

Da farko ka bar tsakiyar gari. Fitilun Agege ko Obalende ba za su bar ka ka ga komai ba. Nufi bakin teku wajen Badagry ko Ibeju-Lekki, inda kudu babu komai sai ruwa da duhu. Zaɓi daren da babu farin wata a Afrilu ko Mayu, musamman bayan ruwan sama ya wanke ƙura.

Riƙe madubin hangen nesa mai ido biyu, mai lamba 10x50 a jikinsa ya isa. Buɗe manhajar Stellarium, mai nuna taswirar taurari a waya, ka nemo tauraro Spika, sannan ka kashe waya, ka ba idonka minti 20 ya saba da duhu. Wajen ƙarfe 11 na dare a tsakiyar Mayu, Spika na can sama ta kudu. Sauko da ido kai tsaye zuwa rabin tazarar da ke tsakaninsa da inda sama ta haɗu da teku. Omega na nan.

Ga gwajin: tauraro ɗigo ne komai gyaran madubi, shi kuwa curi zai zauna kamar ɗan audugar da aka shafa, tsakiya da haske, gefe na dusashewa. Kalle shi ta gefen ido, ya fi fitowa. Kada ka ji kunya in ka ɗauki Omega tauraro, magabata ma haka suka rubuta shi, sai a 1677 masanin taurari Edmond Halley ya lura ba tauraro ba ne. Taurari wajen miliyan 10 ne a cikinsa, haskensu ya yi tafiyar kusan shekara 17,000.

Sai ka rubuta faɗinsa da yadda cibiyarsa ta matse. Masana taurari Harlow Shapley da Helen Sawyer sun kasa irin waɗannan curin taurari aji 12 bisa wannan matsewar. In damina ta ɗan sarara a Agusta, gwada wani curin mai suna M4 dab da jan tauraro Antares, ka kwatanta su.