Kurakuran da aka fi yi da lalle, daga dashe har ƙunshi

Lalle ba ya son shagwaɓa. Sau da yawa za ka ga uwargida ta dasa shi a bakin makwarara, inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya, a ganinta gata ta yi masa. Ba a jimawa ganye ya koma rawaya, saiwa ta ruɓe. Itace ne na rana da ƙasa mai jigawa, sai ƙasar ta sha iska ake ƙara masa ruwa. Mai shuka iri kuma ya fara jiƙa shi na 'yan kwanaki saboda taurin ɓawonsa, ko da yake dasa reshe ya fi saurin kamawa.

Wasu suna jin tausayin sare shi, saboda ƙamshin furen nan fari da yamma. To, in aka bar shi ya tsufa ƙaya yake yi, ganye ya ragu, alhali sabon toho ne ya fi kama hannu. A riƙa rage masa rassa. Ganyen a shanya shi a inuwa, rana tana cinye jansa.

Wajen kwaɓi gaggawa ce ke ɓata aiki. A tankaɗe garin, a kwaɓa da ruwan ɗumi da ɗan lemun tsami, a rufe shi ya kwana. Tafasasshen ruwa kan sa launin ya dushe da wuri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne baƙin lalle. Ganyen lalle ja yake bayarwa, ba ya yin baƙi. Baƙin nan mai kamawa cikin minti 20 galibi sinadarin rinin gashi ne, PPD. Bayan kwanaki sai hannun amarya ya yi ƙuraje da bororo, zanen fulawar ya fito raɗau a matsayin tabo. Wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, ko rinin gashi ta shafa daga baya ciwon na iya dawowa.

Don Allah iyaye mata, kada a shafa wa jariri lalle, ko da na gargajiya ne, wai don zafin jiki ko ado. Akwai yaran da ake haifa da ƙarancin sinadarin G6PD mai kare ƙwayoyin jini, kuma suna da yawa a ƙasashenmu, musamman maza. Lalle na farfasa musu ƙwayoyin jini. In an riga an shafa, aka ga ido ya yi rawaya ko fitsari ya yi duhu, a wanke a nufi asibiti nan take. Mai juna biyu ma ta nisanci jiƙon saiwarsa.