Kurakuran da ake yawan yi wajen zaɓen cip mai tura wa allon LED wuta ta sama, wato ta ɓangaren fozitif

Wanda na fi gani shi ne mutum ya ɗauko ULN2803 don ya ji ana cewa direba ne (cip mai kunna wa LED wuta), ya jona shi ta ɓangaren fozitif, allo ya ƙi kamawa ya hau zagin cip ɗin. Malam ba laifin cip ɗin ba ne, shi ULN2803 aikinsa janye wuta zuwa ƙasa, wato negatif, ba ya turo ta. Idan layukan anod (ƙafar fozitif ta LED) kake son ba wa wuta to irin su UDN2981 ko TD62783 za ka nema, ƙafar fitar da wuta 8 gare su su ma.

Amma fa a nan ne wahalar take. Su waɗannan Darlington ne a ciki (transisto biyu a haɗe), suna cinye kusan volt 1.6 zuwa 2 kafin wuta ta fita, to ka ga in kana kan volt 5 abin da zai rage maka bai wuce 3 da ɗan wani abu ba, LED shuɗi ko fari kuma shi kaɗai yana son wajen 3.2, me ya rage wa razisto? Shi ya sa za ka ga ja yana haske tar, shuɗin kuma dishi-dishi kamar ana masa dole. Ko dai ka ɗaga wutar LED ɗin zuwa 7 ko sama, ko ka koma TBD62783A na Toshiba, shi MOSFET ne, wani irin transisto daban, ba ya cin wuta haka.

Sai lissafi. Layi ɗaya mai LED 8 kowanne 20mA ai 160mA ke nan ta ƙafa ɗaya, in RGB ne, mai kala uku, ya kai 480mA. Ƙafar Arduino Uno, allon da ke ba cip ɗin umarni, 40mA ce iyakarta, ita ma ba a so a kai can. Kuma 500mA ɗin da ke rubuce a takardar cip ba wai duk ƙafafun su ja shi lokaci guda ba ne, taɓa bayansa da yatsa bayan minti biyu za ka gane.

Masu amfani da P-MOSFET maimakon cip a volt 12 kuma, volt 5 na Arduino ba zai kashe shi ba, zai tsaya a kunne, sa ƙaramin transisto NPN a tsakani da razisto mai jan get ɗin (ƙafar da ke kunna MOSFET da kashe shi) sama zuwa volt 12.

In kana ganin inuwar rubutu a layin da ya kamata ya mutu, a kod ɗinka kashe layin farko tukuna, ɗan jira mikrosakan kaɗan, canza data, sannan ka kunna na gaba.