Yadda za ka riƙe shek yanzu da hoto banki ke aikawa

Ƴan uwa ƴan kasuwar Maradi, musamman masu aya da wake da gujiya da ake biya da shek, ku saurara don Allah. Har yau akwai masu tunanin in ka kai shek banki sai an ɗora takardar a mota ta tahi Yamai ta dawo. An bar wannan hanya. Yanzu na'ura ake sa shi ta ɗauki hoton gaba da baya, a aika hoton ta tsarin babban bankinmu BCEAO da ake ce ma SICA-UEMOA, wanda bankunan ƙasashe 8 masu sefa na yammacin Afirka ke musayar shek ta cikinshi.

Amurka ma haka suka yi, bayan harin 11 ga Satumba 2001 jirage suka tsaya, shek ɗinsu suka maƙale a hanya, sai suka yi dokar Check 21 da ta soma aiki a 2004, daga baya a 2008 ofishin binciken gwamnatinsu ya duba ya ga galibin mutane sun karɓi tsarin. Nima na karɓe shi, ya hi sauri, amma hwa na'ura ba ta da kunya ba ta san Alhaji ba.

To ka fara da takardar kanta. Kar ka ninke ta, kar ka soke a hula. Ƙanena ya saida aya aka ba shi shek, ya ninke huɗu ya sa aljihu ya yini kan kabu-kabu cikin zahin nan na Afrilu, ko da ya iso gishen banki zufa ta jiƙa shi tawada ta baje, madam ɗin ta sa a na'ura sau uku ta ƙi karantawa, sai da ya koma neman mai shek ɗin wanda shi kuma ya riga ya tahi Damagaram, sati guda yaron ga bai ga kuɗɗinshi ba kuma manoma na jiran nasu. Wallahi abin ya ban tausai. Ambulan na dala biyar da ya hisshe shi. Kuma waɗancan lambobin na can ƙasa, su na'ura ke karantawa, kar biro ko kashe (hatimi) ya taɓa wurin.

In kai ke rubutawa, yi da biro baƙi ko shuɗi ka danna sosai. Mu da dala da jikka muke lissahi, shek kuwa da faran ake cika shi, jikka ɗari 100.000 F ke nan, ka natsu wurin ga. In lamba da rubutu suka saɓa, rubutun za a bi. Ja layi a sauran hilin da ya rage kar wani ya ƙara. Sa hannu ya zan irin wanda ka aje ranar buɗe kont, tunda hoto kawai za a gwada. In kana tsoron ya ɓace ja layi biyu a kaikaice, daga nan ba a biyan shi a hannu, sai dai a zuba a kont.

Abin da ya hi damuna shi ne al'adar nan ta "riƙe shek ɗin ga zuwa Juma'a kuɗɗi na shigowa". Da can jinkirin hanya na rufa asiri, yanzu babu. Ko ka sa kwanan wata na gaba, in mutum ya kai shi yau doka ta ce a biya yau. In ba kuɗɗi a kont, bankinka zai rubuto maka a ba ka kwana 30 ka gyara, in ka ƙi sunanka na can cikin rajistar BCEAO kuma ana iya hana ka shek shekara 5. Sai kuɗɗi sun zauna sannan ka sa hannu, dan Allah.

Kai kuma mai amsa kar ka aje shi ƙarƙashin katifa. Kwana 8 doka ta ba ka in nan garin aka rubuta kuma nan za a biya, kwana 20 in wani gari ne cikin Nijar. Je da sahe da katin dantite, sa hannu da lambar kont a baya, ka amshi rasi ka ɗauki hoton shek ɗin da wayarka kamin ka miƙa. Ka tambayi mai gishe ranar da za ka iya taɓa kuɗɗin, kuma kar ka loda ma baƙo kaya a mota sai ranar ta zo ka ga sun zauna.