Bututun silindar haidrolik: kurakuran da ke cinye kuɗin masu tifa

Duk makanikin da ke gyaran tifa ko katafila a Sakkwato ya san wannan kukan: "An sa sabuwar roba, ko wata ba a yi ba jak ya koma sauka da kansa." Jak shi ne silindar da ke ɗaga kaya da ƙarfin mai. Sai a ɗora wa robar da ke hana man zurarewa laifi, alhali sau da yawa cutar tana cikin bututun da fistin, wato ƙarfen da mai ke turawa, ke zirga-zirga a ciki.

Kuskuren da ya fi muni shi ne a yanko bututun ƙarfe na gama-gari a ce ai faɗinsu ɗaya. Bututun silinda sai an goge cikinsa, galibi da duwatsun washi na musamman, har kaushinsa ya sauko zuwa 0.4 ko ƙasa a ma'aunin kaushi da ake kira Ra. Wanda ba a goge ba yana cin roba kamar zarto.

Sai kuma saye ba tare da tambayar daraja ba. A takardar kaya za ka ga H7, H8 ko H9. Lambar tana nuna iyakar abin da aka yarda faɗin ciki ya ƙaru a kan awon da aka rubuta. A bututu mai milimita 80, H7 ya yarda da ƙarin milimita 0.030, H8 0.046, H9 kuwa 0.074, wato kusan kaurin silin gashi. Kada ka raina wannan. Idan matsin mai ya kai 200 a ma'aunin matsi na "bar", yana tura robar cikin ratar da ke tsakanin fistin da bango har bakinta ya tsinke, kuma zafin watan Afrilu na garin nan yana ƙara tausasa ta da tsinka mai. Ga tifa mai jigilar yashi ko siminti daga Kalambaina, H8 ya wadatar. H9 sai aikin da ba shi da matsi sosai. Masu nacewa sai H7 don "ya fi kyau" kuwa, a ganina asarar kuɗi suke yi, muddin ba injin da ke son motsi daidai-wa-daida ba ne.

Awo ma ana kuskure shi. Baniya, wato ma'aunin hannu mai muƙamuƙi biyu, a bakin bututu kawai take tsayawa, ita kuwa zaizaya a ciki take, inda fistin ya fi aiki. A nemi ma'aunin rami mai agogo, a auna baki da tsakiya da ƙarshe, kowane wuri ta fuska biyu, don a gane ko ramin ya koma siffar ƙwai.

Wasu in sun ga karce sai su bi shi da sanfefa har ya yi ƙyalli. Su ɓata da'irar, su kuma share siraran layukan gicciye da ke riƙe mai. Karcen da farce ke kamawa, a sake gogewa da inji ko a canja bututun.

Walda tana murɗa rami, don haka a sake awo bayan ƙarfen ya huce. Lokacin hunturu kuma kada a ajiye bututu baki buɗe, a shafa masa mai a toshe bakunan biyu har ranar ɗaurawa.