Yadda za ka shirya doguwar tafiyar jirgin ruwa daga nan Yamai

Duk wanda ya ga hotunan manyan jiragen ruwan nan na yawon buɗe ido a Facebook har ransa ya biya, to ɗan uwa kar ka fara da zaɓen tsibirin da ya fi kyau a hoto. Fara da ɗauko paspor ɗinka ka duba ina da ina zai iya shigar da kai, don mu ƴan Nijar abin da ke hana mu wannan tafiya ba ruwa ba ne, takarda ce. Jirgi ɗaya zai iya tsayawa ƙasa shida ko bakwai cikin sati uku, kuma kowace ƙasa da dokarta, in biza ɗaya tak ta ɓace a cikin jerin suna iya hana ka hawa tun daga bakin tashar, ko da ka rantse musu cewa in an zo wannan ƙasar ba za ka sauka ba kana cikin ɗakinka. Kuma kuɗinka ba za su dawo ba, a rubuce yake cikin kontira cewa neman biza aikin fasinja ne.

To ina ne ya fi mana sauƙi? Karibiyan dai ita ce kowa ya sani, amma yawancin jiragen can daga Miami da sauran tasoshin Amurka suke tashi, ka ga sai da bizar Amurka ke nan. Waɗanda ke tashi daga Martinik ko Gwadalup kuwa ƙasar Faransa ce, kuma bizar Shengen ta yau da kullum, wato ta shiga Turai, ba ta isa can, tsibiran Faransa na ƙetare bizarsu daban ce, ga shi ambasad ɗin Faransa a nan Yamai a rufe take tun Janairun 2024. Shi ya sa ni a ganina Tekun Indiya ta fi dacewa da mu. Kamfanin MSC kan kawo jirgi Durban a Afirka ta Kudu daga wajen Nuwamba zuwa Maris ko Afrilu, yana zagaya gaɓar Mozambik, wani lokaci ya yi doguwa har tsibirin Moris. Akwai kuma wasu jiragen da ke bi ta Madagaskar da Seshel da Zanzibar da Mombasa. Seshel ba ta neman biza, izinin shiga kawai ake cikewa ta intanet kafin a je. Amma ka buɗe ido da tsibirin Reyuniyo, yana nan dab da Moris kuma jirage da yawa na tsayawa can, alhali shi ma Faransa ne. In ka gan shi cikin jerin eskal, wato tasoshin da jirgi zai tsaya a hanya, to ka san akwai aiki. Sannan in jirgin daga Durban zai tashi ya dawo Durban, bizar Afirka ta Kudu mai shiga sau ɗaya ba za ta yi ba, mai shiga da yawa za ka nema, mutane na mantawa da wannan sosai.

Wata dabarar kuma, jirage kan canza wurin aiki sau biyu a shekara, wajen Oktoba da Nuwamba su baro Turai su gangaro kudu, Maris da Afrilu su koma. Irin wannan tafiya takan yi sati uku ko fi, kuma in ka raba kuɗin da yawan kwanaki ta fi araha, wasu su bi ta tsibiran Kanari da Kap Ber da Dakar da Walvis Bay na Namibiya har Cape Town. Matsalarta guda, gefe ɗaya na tafiyar Turai ne, sai mai Shengen.

In ka tsayar da hanya, ka sa ajans ɗin ta rubuto maka sunan kowace tasha da ranarta, kai kuma ka bi ƙasashen ɗaya bayan ɗaya ka tambaya da kanka, kar ka tsaya ga "ba matsala Alhaji" ta baki. Paspor ya zama da sauran wata 6 aƙalla bayan ranar dawowa, da shafuka da ba a buga ba. Karnen rigakafin shawara ma dole ne tunda Nijar na cikin ƙasashen da ake tambaya, allurar sai ta kwana 10 kafin takardar ta fara aiki, amma tun 2016 sau ɗaya ta isa har ƙarshen rai, don haka in kana da tsohon karne mai ruwan ɗorawa nemo shi cikin akwati. Mai juna biyu da ta kai sati 24 yawancin kamfanoni ba sa ɗaukarta, haka jaririn da bai kai wata 6 ba.

Lokacin sanyinmu na nan shi ne lokacin zafinsu a can, kuma daga Janairu zuwa Maris guguwar teku ta fi yawa wajen Madagaskar da Moris. Jirgi ba ya shiga cikinta, kauce mata yake, amma kaucewar na iya cinye maka tashar da ka fi ɗoki kuma kaftin na da ikon yin haka. In da hali Nuwamba ko farkon Disamba sun fi kwanciyar hankali.

Yanzu maganar kuɗi. Farashin da ka gani a talla na mutum ɗaya ne a ɗakin mutum biyu, in kai kaɗai ne za su ƙara maka kusan ninki. Ya haɗa ɗaki da abinci da wasannin dare, shi ke nan. Biyen jirgin sama daban, otel daban, asirans daban, intanet daban, lemon kwalba da ruwan gora daban, yawon cikin gari daban, sannan akwai kuɗin hidimar ma'aikata da ake rubuta maka kowace rana ko ka so ko ba ka so. A ce yuro 12 ne a rana, kwana 20 ya zama yuro 240, yuro ɗaya kuwa sefa 656 ne kusan, ka ga jika 157 da ƴan kai ke nan kan mutum ɗaya, kai da Hajiya sai ka ninka. A cikin jirgi ba a taɓa tsabar kuɗi, wani kati za su ba ka, shi ne makullin ɗaki shi ne shaidarka shi ne kuma aljihunka, kuma wallahi kati ba ya sa mutum ya ji zafin kashewa, don haka duk bayan kwana biyu ka duba lissafinka. Kafin ka bar Yamai je banki ka gaya musu za ka fita, su ɗaga maka iyakar abin da katinka ke iya biya. Sefa kuwa bar ta gida ban da ta taksin dawowa, babu mai canza maka ita a Port Louis, babban birnin Moris, yuro ko dala za ka riƙe, ƙanana-ƙanana.

Asirans kar ka yi wasa da ita. Akwai likita cikin jirgi amma na kuɗi ne kuma da tsada, in abu ya yi tsanani aka sauke mutum a wani tsibiri sai abin da Allah ya yi. Wadda za ka saya ta haɗa da ɗauko mara lafiya zuwa gida. Mai hawan jini ko sukari ya ɗebi maganin da zai wuce kwanakin tafiyar, cikin kwalinsa, da takardar likita, a jakar hannu.

Daga filin jirgin Diori Hamani za ka iya bi ta Addis Ababa da Ethiopian ka sauka Johannesburg ko Cape Town, ko ta Istanbul da Turkish. Ko ta ina ka bi, ka isa garin tashar kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri. Ƴan Tawa kuwa ku ƙara kwana guda na hanyar mota, kar mutum ya sauko daga tafiyar sama da kilomita 500 ya wuce filin jirgi kai tsaye.

Wajen zaɓen kabin, wato ɗakin kwana na cikin jirgi, mai araha shi ne na ciki wanda ba taga ko kaɗan, ka kashe wuta duhu ne ƙirin ko da tsakar rana. Na kwana huɗu ba laifi, amma na sati uku in aljihu zai ɗauka nemi mai taga ko da ba baranda, ko don ka ga fitowar alfijir da faɗuwar rana saboda salla. Mai tsoron jiri ya nemi tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne ya fi rashin girgiza, goshin jirgi da can sama su suka fi lilo. Tsakanin Durban da Moris kwana uku zuwa huɗu ne ba ka ganin komai sai ruwa, kuma wanda iyakarsa kwalekwalen kogin Isa bai san yadda cikinsa zai karɓi abin ba sai ya shiga. Sayi maganin jiri a famasi tun nan, ka riƙe citta, in ka ji zuciya ta fara tashi kar ka kwanta cikin ɗaki kana latsa salula, fito sarari ka kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama, ka ɗan ci busasshen burodi.

Kayan da za a ƙwace maka a bakin shiga su ne daidai waɗanda ɗan Nijar ba ya tafiya sai da su. Duk abin da ke yin zafi ko wuta haramun ne a jirgi, butar shayi ta kuran, dutsen guga, gawayi, kasko da turaren wuta na su Hajiya, har wuƙa. Ƴan shayi sai haƙuri, ruwan zafi dai akwai shi kyauta wurin cin abinci, ka tafi da ganyenka da ƙaramin kofi ka yi maneji, ba zai yi kumfa ba amma ya fi babu. Yaji a kwalba mai murfi zai cece ka don abincinsu lami ne a bakinmu. Kilishi da cuku kuwa ni ban ba ka shawara ba, ƴan duwan na ƙasashe da yawa ba sa barin nama da kayan nono su shiga. Ƴar butar roba kam sa ta cikin walis, bayin jirgi babu ita, kuma irin mai zuƙa da iska ne, ban da takardarsu kar ka jefa komai ciki, in ya toshe har maƙwabtanka sai sun ji a jikinsu.

Salla tana son ɗan shiri. Mun saba mu fuskanci gabas, to a can alƙibla arewa take, daga Durban ta ɗan karkata dama, daga Moris ta ɗan karkata hagu, ga shi jirgi na juyawa, inda ka kalla da azahar ba lalle ya zama nan ne da la'asar ba. Talabijin ɗin ɗaki yakan nuna taswira da inda goshin jirgi ya dosa, da shi za ka gane. Agogo ma yana gaba, Afirka ta Kudu ta fi mu da awa 1, Madagaskar da Zanzibar awa 2, Moris da Seshel awa 3. Zancen ƙasaru da haɗa salloli ka zauna da malaminka kafin ka tashi. Abinci kuma tun wajen yin rajista ka rubuta cewa ba ka cin alade, a teburi ka riƙa tambaya ko an sa giya a miya ko a kayan zaƙi, in kana shakkar yanka kifi da ƙwai da ganye sun ishe ka. In Juma'a ta same ka a tudu ka yi sa'a, Durban na da babban masallacin Grey Street, Port Louis na da masallacin Jummah a tsakiyar gari kusa da kasuwa, Cape Town na da masallacin Auwal a unguwar Bo-Kaap tun 1794, Zanzibar kuwa ba sai an faɗa ba.

Ranar hawa kafin a tashi za a yi atisayen ceto, a nuna maka inda za ka taru da yadda ake sa rigar ruwa. Dole ne, suna duba katin kowa, kuma tun bayan hatsarin jirgin Costa Concordia a 2012 da mutum 32 suka rasu aka ƙara tsananta shi. Da an bar gaɓa ka sa salula a yanayin jirgin sama, in ba haka ba za ta kama rezon tauraron ɗan adam na jirgin, mai tsadar gaske.

Sai ranar eskal, inda aka fi yin kuka. Jirgi kan iso da safe ya tashi da yamma, kuma ana rubuta lokacin da kowa zai dawo a bakin ƙofa, galibi rabin awa kafin tashi. Ɗauki hoton allon. Ka bi agogon jirgi, don wani lokaci ya saɓa da na gari kuma salula na canza kanta ba ka sani ba. Jirgi ba motar tasha ba ce da za a ce direba dakata saura mutum ɗaya ya je alwala, in ka makara sai dai ka hango shi yana tafiya, ka nemi biye da kuɗinka ka tare shi a ƙasa ta gaba. Yawon da kamfanin ya shirya ya fi tsada amma in motarsu ta makara ana jiranta, don haka wuri mai nisa bi su. Cikin gari kuwa yi abinka, Faransancinmu na aiki a Moris da Madagaskar da Seshel, ka yi ciniki da mai taksi na zuwa da dawowa tun kafin ka shiga, kuma kar ka biya duka sai ya maido ka. A Port Louis lambun Pamplemousses bai da nisa, a tsibirin Nosy Be na Madagaskar ka sayi banila ka ga furen ilang-ilang da ake turare da shi, a Zanzibar kanumfari da kayan ƙamshi su ne tsarabar da za a yi maka godiya a gida. Wasu wuraren irin Nosy Be jirgin ba ya matsowa gaɓa, ƙananan jirage ke jigilar mutane kuma layin na ƙarshe yakan yi tsawo, ka dawo da awa guda a hannu.

Daren ƙarshe za a ce ka fitar da walis bakin ƙofa kafin ka kwanta, sai a tashar za ka sake ganinta, to ka ware kayan da za ka sa da safe da paspor da magani da caja a jakar hannu. Ka je ka duba lissafinka a daren nan tun layi bai yi tsawo ba, in akwai abin da ba ka gane ba a gyara kana ciki. Jirgin saman dawowa kuma kar ka ɗauki na safe, fitar dubban mutane da binciken paspor na cin awoyi, na bayan la'asar ko na washegari za ka nema.